Tarin da ke kama da tarin fuka: hattara da ƙurar kashin jemage da na tsuntsaye

 A wannan fitowa mun ɗan ajiye zancen farashi da na takardun kan iyaka, za mu taɓa zancen lafiyar jikinmu, don sai da ita ake ciniki.

Mu dai an san mu da sanin ciwon dabba. Tun daga nesa mukan gane saniya mai sammore, mun san boru a baki da kofato, mun san kirci a fata, mun san ciwon huhu daga yadda sa ke miƙe wuya yana nishi. Amma idan ciwo ya zo kanmu ko kan yaranmu, suna biyu kawai muka sani: in zafin jiki ne mu ce zazzaɓin sauro, in tari ne ya daɗe mu ce tarin fuka. To akwai wata cuta da ke shiga tsakanin waɗannan biyu ta ɓuya, kuma wuraren da take zaune su ne wuraren da muke ajiye dusa da harawa, muke shimfiɗa tabarma mu kwana.

Abin da ya jawo wannan rubutu

Kowa ya tuna watan Yuni na 2024, lokacin da hukumar birnin Abijan ta tashi karar dabbobi ta Port-Bouët aka nuna mana filin tsohuwar kasuwar kayan gyaran mota da ke Ajame. Kowa ya shiga neman inda zai sa kayansa. Mu ma muka kama hayar wata tsohuwar mangaza da ta yi shekaru a rufe. Da aka buɗe ƙofa sai ga silin ya ruɓe ya zubo, tantabaru sun yi gida a bakin kwano, jemagu kuma sun cika saman rufi. Kashinsu ya taru a ƙasa ya bushe, har ƙafa na nutsewa. Muka sa mutum uku daga cikin yaranmu su share. Ranar nan sun fito fari fat kamar masu niƙan gari, muna ta yi musu dariya.

Bayan kwana goma ko sha biyu sai biyu daga cikinsu suka kwanta da zazzaɓi da ciwon kai da busasshen tari. Aka ba su maganin zazzaɓin sauro, bai yi wani tasiri ba, amma cikin mako uku suka miƙe da kansu. Na ukun, wanda shi ne babbansu, ɗan rakiya ne da ya yi shekara ashirin yana bin shanu daga Maraɗi zuwa gaɓar teku, shi bai miƙe ba. Zazzaɓi kullum da yamma, gumi da dare, ga rama. An auna majinarsa ba a ga ƙwayar tarin fuka ba, amma hoton ƙirji ya nuna tabo, sai aka ɗora shi kan maganin tarin fuka. Wata biyu yana sha ba fashi, jiki sai ƙara lalacewa yake, har miki ya fito masa a baki ya hana shi cin abinci. Nan fa maganganu suka tashi, wasu na cewa jifa ne, wasu na cewa a mai da shi gida kawai ya ƙarasa a gaban iyalinsa.

Allah da ikonSa, aka dace da wata likita da ta yi masa tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa. Ta ce, "Malam, kafin ka kwanta wane aiki ka yi? Ka shiga kogo, ko akurkin kaji, ko tsohon gini?" Da ya ba ta labarin mangaza sai ta sa aka ɗan yanki naman bakin mikin aka kai ɗakin gwaji. A nan aka ga cutar. Aka kuma gano abin da ya sa ta fi ƙarfinsa alhali abokan aikinsa sun tashi: ya daɗe yana shan ƙwayar deksa saboda ciwon gwiwa, ba da sanin likita ba, ita kuwa tana karya garkuwar jiki. Ya sha magani wajen shekara guda. Yanzu alhamdu lillahi ya koma bakin aiki, amma abin da jinyar ta ci ya kai kuɗin bijimi biyu, ban da wahalar da ya sha. Da mun sani, bokitin ruwa biyar da takunkumi uku sun isa su tare duk wannan.

Mece ce wannan cuta

Sunanta a bakin likitoci histofilasmos. A takardar asibiti ta Faransanci za ku ga an rubuta histoplasmose, ku riƙe wannan rubutun don ranar buƙata. Abin da ke kawo ta wani irin fumfuna ne, dangin wanda ke fitowa a jikin burodi ko dusar da ta sha danshi, sai dai shi ido ba ya ganinsa. A cikin ƙasa yake rayuwa, kuma ba abincin da ya fi so kamar kashin tsuntsu da na jemage da ya daɗe yana taruwa wuri ɗaya, a inuwa, inda akwai ɗumi da laima. Wanda ya san yanayin Abijan ya san ba a rasa ɗumi da laima a nan.

Fumfunan yana fitar da ƙwayoyin iri ƙanana ƙwarai, sai an jera wajen 300 kafin su cika milimita ɗaya. Muddin ba a taɓa wurin ba suna nan kwance. Ranar da aka sa tsintsiya ko shebur, ko aka fasa silin, ko aka rushe bango, sai su tashi tare da ƙura. Mutum ya shaƙa, su wuce hanci da maƙogwaro su sauka can ƙarshen huhu. Zafin jikin ɗan Adam, digiri 37, shi ke sa su canza kama su soma hayayyafa. Akwai wasu ƙwayoyin jini da aikinsu shi ne haɗiye duk baƙon abin da ya shigo jiki su kashe shi. Wannan fumfuna idan sun haɗiye shi sai ya zauna a cikinsu da ransa, su riƙa yawo da shi zuwa hanta da saifa da ɓargo. Mai ƙarfin jiki cikin mako biyu zuwa uku jikinsa ke gane dabarar ya murƙushe shi. Wanda garkuwarsa ta yi rauni kuwa, sai abin ya bazu.

Tsuntsaye su kansu ba sa kamuwa, don jikinsu ya fi namu zafi, kashinsu dai taki ne ga fumfunan. Shi ya sa ɗanyen kashin da tantabara ta yi yau a kan taga ba shi ne abin tsoro ba, wanda ya shekara biyu, uku yana taruwa ya gauraya da ƙasa shi ne. Jemage kuwa yana kamuwa, yana ɗauke da cutar a hanjinsa, yana kai ta duk inda ya koma da zama.

Cutar ba sabuwa ba ce. Wani likitan Amurka mai suna Samuel Darling ne ya fara bayyana ta a 1906 a ƙasar Panama, lokacin da ake haƙa mashigin jiragen ruwa na can. Shi ma da ya buɗe gawar farko ya ga huhun, kamar na mai tarin fuka ya gan shi, sai madubin likita ya nuna masa wani abu dabam. A 1934 aka tabbatar fumfuna ne, a 1949 kuma aka same shi a cikin ƙasa. A 1952 likitocin Beljiyam suka bayyana wani nau'i nasa da ya keɓanta da Afirka, wanda ya fi kama fata da ƙashi da kaluluwa, an kuma sha samun masu shi a Najeriya da Nijar da Mali da Senegal da nan Kwaddibuwa. Masu kai shanu Anaca sun san garin Ogbunike da kogonsa a jihar Anambra. A 1994 masu bincike na Najeriya suka ba da rahoton samun wannan nau'i na Afirka a ƙasar kogon da ta gauraya da kashin jemage, har da cikin hanjin jemage.

Don a ga yadda shara kaɗai ke tayar da ita, ga misali biyu daga nesa. A 1970 a jihar Ohayo ta Amurka, 'yan wata makaranta suka yi aikin gayya suka share farfajiyar da tsuntsaye suka daɗe suna kwana, mutum fiye da 300 suka kwanta. A 2015 a Jamhuriyar Dominika aka sa leburori 36 kwashe kashin jemage daga ramukan wata madatsar ruwa ba tare da kayan kariya na kirki ba, mafi yawansu suka kamu, uku suka rasu.

Inda take ɓuya a wurarenmu

Duk wanda ya ratsa Filato da la'asar sakaliya, tsakanin Ajame da Tireshbil, ya ga dubban manyan jemagu suna tashi daga itatuwan bakin titi. Su ne kowa ke gani, amma wucewa ta ƙarƙashinsu a sarari, inda rana ke duka ruwan sama ke wankewa, bai kai haɗarin rufaffen wuri ba. Waɗanda suka fi kusa da mu su ne ƙananan jemagun nan masu cin ƙwari da ke shiga tsakanin kwano da silin. Alamar suna nan ita ce wani wari mai hawa kai, da baƙin tabo a silin, da 'yan ƙananan kashi kamar na ɓera da ke zubowa a gindin bango, waɗanda in an murza su sai su zama gari.

Ku duba tsofaffin gidajen haya na Tireshbil inda fatake ke sauka, da mangazun da ke kewayen tashar jirgin ƙasa da hanyar tashar jiragen ruwa. Ku duba ɗakunan ajiya na bayan tashar motocin Ajame da saman shaguna inda ake tara buhuna. Ku duba rumfunan masu sayar da kaji da zabi, inda ƙasan keji ke shekara ba a kankare ba, da ɗakin tantabarun da yaranmu ke ginawa a saman soro. Akwai kuma gindin itatuwan da balbelu ke kwana kusa da turken shanu, inda ƙasa ta yi fari da kashinsu, mu kuwa nan muke son shimfiɗa buzu saboda inuwa. Har silin masallatanmu na unguwa, da samari ke hawa su kakkaɓe gab da azumi, yana cikin lissafi.

Sai zancen mota. Tirelar da ta sauke shanu ba ta son komawa wayam, wani lokaci ana yi mata lodin buhunan kashin kaji, irin wanda ake kwasowa daga gonakin kaji na wajen Agnibilékrou ana kai wa manoman koko da masu lambu. Wasunmu ma suna haɗa shi cikin abincin kiwo. Masu lodi da masu saukewa, da ɗan rakiyar da zai kwanta a kan buhunan, duk suna shaƙar ƙurarsa. A arewa ma haka abin yake ga mai shiga tsohon rumbu, ko mai yasar tsohuwar rijiyar da jemagu suka mayar gida.

Yadda take nunawa a jiki

Mafi yawan waɗanda suka shaƙi ƙwayar ba sa ma sanin sun shaƙa, jiki ke gamawa da ita shiru. Tsananin ciwon yana bin abu biyu, yawan ƙurar da aka shaƙa da ƙarfin garkuwar mutum.

Kashi na farko shi ne irin na yaranmu biyu. Tsakanin kwana 3 zuwa 17 bayan aikin sai zazzaɓi, sanyi, ciwon kai, ciwon ƙirji, busasshen tari da kasala. Yawanci yakan wuce da kansa cikin makonni kaɗan. Amma wanda ya shaƙi ƙura mai yawa a rufaffen ɗaki, ko da ƙato ne, numfashinsa na iya sarƙewa har sai an kwantar da shi. Babbar alama a nan ita ce mutum biyu ko uku da suka yi aiki ɗaya su kwanta lokaci ɗaya.

Kashi na biyu yakan kama manya, musamman waɗanda taba sigari ta riga ta cinye musu huhu. Shi a hankali yake tafiya, wata da watanni: tari da majina, wani lokaci da jini, gumin dare, rama, hoton ƙirji kuma ya nuna ramuka a saman huhu. Ko likita ya kalli hoton nan tarin fuka zai fara kawowa.

Kashi na uku shi ne mai kisa, wato idan ta bazu a jiki duka. Zazzaɓin da ba ya sauka, rama mai tsanani, ƙarancin jini, kumburin hanta da saifa, kaluluwa, gudawa, miki a baki ko harshe, ƙuraje a fuska da jiki. Idan ba a yi magani ba, ƙarshenta mutuwa. Waɗanda ta fi yi wa haka su ne masu cutar sida da ba sa shan magani, masu shan deksa da danginta na tsawon lokaci, masu jinyar sankara, wanda aka yi wa dashen ƙoda, jarirai da tsofaffi tukuf. A nan muna jan kunnen masu shan ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha ka fashe, da masu ɗibar maganin da muke ba dabbobi su sha don ciwon jiki. Da yawansu deksa ce a ciki.

Nau'in Afirka kuma yakan fito kamar maruru ko gyambon da ya ƙi warkewa, ko kumburi a kan ƙashi, a kai ko haƙarƙari ko ƙafa, ba lalle da tari ba. Wani abin lura, cutar na iya kwanciya a jiki shekaru masu yawa ba ta motsa ba, sai ranar da jiki ya yi rauni ta tashi. Mutum na iya shaƙarta a Tireshbil yana saurayi, ta tashi masa a Tawa ko Katsina bayan ya bar fatauci.

Dalilin da ya sa ake rikita ta da tarin fuka

Kada wani ya ga laifin likitoci a nan. Tarin fuka ya fi wannan cuta yawa nesa ba kusa ba. Binciken gawawwaki da aka yi a manyan asibitocin Abijan a 1991 ya nuna shi ne kan gaba wajen kashe masu cutar sida a birnin. Saboda haka duk wanda ya zo da tarin da ya wuce mako biyu, daidai ne a fara nemansa da tarin fuka, kuma cibiyoyin yaƙi da tarin fuka na Ajame da na Tireshbil don haka aka kafa su. Can ne ya kamata kowa ya fara zuwa.

Matsalar ita ce alamun cututtukan biyu kusan ɗaya ne, gwajin majina na tarin fuka kuma ba ya ganin fumfuna. Kafin a gan shi sai an neme shi da gangan: a duba jini ko ɓargo ko ɗan yankin nama a madubin likita, ko a shuka shi a ɗakin gwaji, wanda kan ɗauki makonni, ko a yi wani gwajin fitsari na musamman da ke ba da amsa da wuri amma ba kowane asibiti ke da shi ba. Likita kuwa ba zai nemi abin da ba a ba shi dalilin nema ba. Ga kuma wani ƙarin rikici, mutum ɗaya na iya ɗauke da cututtukan biyu a tare.

Da aka soma neman cutar da gaske, an ga ta fi yadda ake zato. Wani bincike da aka buga a 2022, wanda aka yi a asibitoci goma na Najeriya kan mutum kusan 1,000 da sida ta yi wa nisa, ya sami alamar cutar a fitsarin kusan 8 cikin kowane 100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin gano ta da maganinta ga masu sida a 2020, a 2022 kuma ta sa ta cikin jerin cututtukan fumfuna da ta ce a ba su muhimmanci. A nan Abijan, sashen cututtuka masu yaɗuwa na babban asibitin koyarwa na Tireshbil shi ne inda aka saba tura irin waɗannan larurori masu wuyar ganewa.

Zancen sida kuma mu faɗa wa juna gaskiya. Sana'armu ta raba mu da iyali wata da watanni, kuma ba kowa Allah Ya tsare ba. Gwaji ba tonon asiri ba ne, tsakaninka da likita ne. Maganin rage ƙarfin cutar kyauta ake ba da shi a asibitocin gwamnatin Kwaddibuwa tun 2008, wanda kuma ke shan sa yadda aka ce, garkuwarsa takan dawo ta tsare shi daga wannan fumfuna da ire-irensa.

Magani

Cutar tana da magani, kuma ana warkewa sarai idan an gano ta da wuri. Mai sauƙin ciwo sau da yawa hutu kawai yake buƙata. Wanda nasa ya daɗe ko ya yi nauyi ana ba shi itirakonazol, na makonni ko watanni. Wanda ta bazu a jikinsa ana fara masa da amfoterisin B ta jijiya a asibiti, mako ɗaya zuwa biyu, likita na lura da ƙodarsa, sannan a ɗora shi kan itirakonazol har wajen wata 12. Wanda ya ji sauƙi ya ajiye magani a wata na uku, ciwon na iya dawo masa.

Abubuwa uku a kiyaye. Na ɗaya, kafso da allurar kashe ƙwayoyin cuta da muka saba da su, irin su amoksisilin da tetirasaikilin, ba sa taɓa fumfuna ko kaɗan. Wanda ya nufi Roxy ya sayo su a faranti ya yi asarar kuɗi da lokaci, in kuma aka haɗa masa da deksa ya ƙara wa wuta fetur. Na biyu, rifamfisin da ke cikin maganin tarin fuka yana rage ƙarfin itirakonazol ƙwarai, haka wasu magungunan sida da na gyambon ciki, don haka a nuna wa likita duk abin da ake sha, har na gargajiya. Mai ciki da mai ciwon zuciya su ma su faɗa tun kafin a rubuta musu. Na uku, kada wanda aka ɗora kan maganin tarin fuka ya karanta wannan takarda ya ce shi fumfuna ke damunsa ya daina sha. Ya ci gaba da sha, idan an kai wata biyu ba sauƙi ya koma ya faɗa, ya kuma ba da labarin aikin da ya yi.

Tambayoyin da 'yan'uwa suka yi mana

Wasu sun tambaya ko ana ɗaukarta daga mai ita. Ba a ɗauka. A ci abinci da shi, a yi sallah sahu ɗaya, a kwana ɗaki ɗaya, ba komai. Nan ta bambanta da tarin fuka.

Wasu sun ce, to shanunmu fa? Ba a ɗaukarta daga saniya, ko nama, ko nono. Tabon da ma'aikatan dabbobi ke gani a huhu a mayanka su hana sayar da naman, yawanci tarin fukan shanu ne ko ciwon huhu, wannan zance ne dabam. Sai dai masu harkar dawaki su sani akwai ɗan'uwan wannan fumfuna da ke kama doki da alfadari, wani lokaci da jaki, yana fitar da ƙulli-ƙulli a jere bisa ƙafa ko wuya ko ƙirji, su fashe su zama gyambo. Shi ta miki yake shiga, ƙuda da kayan doki ke yaɗa shi daga dabba zuwa dabba. Wanda ya ga haka ya ware dabbar, kada a haɗa mata linzami da sirdi da sauran, ya kira likitan dabbobi.

Wani dattijo kuma ya ce, ai mun karanta a fiƙihu kashin abin da ake cin namansa ba najasa ba ne, in dai ba ƙazanta yake ci ba. Gaskiya ne, haka malamanmu na Malikiyya suka karantar da mu. Amma hukuncin tsarki dabam, zancen cuta dabam. Kashin tantabara bai ɓata maka sallah ba, wannan bai hana ƙurarsa ta kwantar da kai ba. Addinin da ya koya mana tsarki shi ya hore mu da kiyaye rai, namu da na waɗanda ke ƙarƙashinmu.

Abin da ya kamata mu riƙa yi

Kafin a kama hayar mangaza ko ɗaki, a ɗaga kai a dubi rufi, a dubi gindin bango. Idan akwai tarin kashi, a yi maganarsa da mai gida tun kafin a biya.

Kada a sa busasshiyar tsintsiya. A buɗe ƙofofi da tagogi, a yayyafa ruwa a hankali har kashin ya jiƙe sosai, in da hali a ɗan sa garin sabulu a ruwan don ya ratsa. Kada a watsa da ƙarfi, don shi ma yana tayar da ƙura. Sannan a kwashe da shebur a zuba a buhu mai leda a ɗaure baki. In ya soma bushewa ana cikin aiki, a ƙara ruwa.

Mai aikin ya sa takunkumi na gaske, wanda aka rubuta FFP2 ko N95 a jikinsa, ana samu a kantin magani da wajen masu sayar da kayan gini. Ya zauna daram a fuska ba tare da kafa a gefe ba, mai gemu ya lura da wannan. Rawani ko ƙyallen da muke naɗewa a hanci yana tare ƙurar hanya, amma waɗannan ƙwayoyi suna ratsa shi. Bayan an gama a tuɓe kayan aikin a wurin a jiƙa su, kada a kai gida a kakkaɓe a tsakar gida cikin yara, a kuma yi wanka.

Kada a sa mai sida, ko mai shan deksa, ko mai ciwon suga da ya yi nisa, ko mai tsohon tari, ko tsoho, ko ƙaramin yaro wannan aiki. Almajiran da muke kira mu ba su 'yan canji su share mana, su ma 'ya'yan wasu ne. Masu kallo su matsa nesa, a kuma janye dabbobi da buhunan abinci.

Jemagu kuma ba a ce a bi su da wuta ko hayaƙi ko guba ba. Yin haka yana tayar da ƙurar da ake gudu, ga haɗarin gobara, su kuwa suna rage mana sauro da ƙwari. A bari su fita kiwo da magariba, a toshe kafofin da suke shiga da raga ko siminti, a kuma guji yin haka lokacin da suke da 'ya'ya a ciki. Akurki da ɗakin tantabaru a riƙa share su a kai a kai tun kashin bai taru ba. Buhunan taki a yayyafa musu ruwa kafin lodi da saukewa, a rufe da tamfol, kada kowa ya kwana a kansu.

Daga ƙarshe, duk wanda ya yi irin wannan aiki ya riƙe ranar a ransa, mai gida ma ya rubuta a littafinsa kamar yadda yake rubuta ranar da aka loda shanu. Idan zazzaɓi ko tari ya biyo baya cikin mako uku, ko tari ya ƙi jin magani, a je asibiti a faɗa wa likita ƙarara: na share kashin jemage, na kwashe kashin kaji, rana kaza, a wuri kaza. Wanda ba ya jin Faransanci ya tafi da mai yi masa tafinta, ya nuna sunan cutar da muka rubuta a sama. Wanda ciwon ya same shi bayan ya koma gida, a Yamai ne ko Maraɗi ko Kano ko Sakkwato, ya ba likitan can wannan labari, ko da an yi shekaru.

Muna roƙon shugabannin rassa da masu masauki su sa a karanta wannan takarda a majalisa bayan sallar isha'i saboda waɗanda ba sa karatun boko, musamman 'yan rakiya da masu lodi, don su ne ke shiga ƙurar. Hausawa sun ce in kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kai fatakenmu gida lafiya, Ya sa albarka a cinikinmu.